Koriyar Kujera

Shekara ashirin da sace motar tseren mahaifinta, Likita ta gano ta a wani gareji, an kwashe kujerun, sai ƙarafa. Ta sa aka tayar da inji, saura zaɓen launin ciki.

Mai ɗinkin kujeru ya baje mata samfurin fata a kan bonet: ja, baƙi, kore. Kawunta, wanda ya nace sai ya rako ta, ya ture koren da bayan hannu.

"Rabu da kore, 'yata. A motar nan ba ya jure rana, wata shida ya fara tsagewa ta wajen direba."

Likita ta juyo ta dube shi. Jajayen kujeru Baba ya sa, haka suke a duk hotunan gida. Jiya kuwa mai ɗinkin ya zaro ƙyallen koriyar fata a ƙarƙashin ƙarfen kujerar direba, kuma ba ta gaya wa kowa ba.

"Kawu, yaushe ka taɓa ganin ta da kore?"

Ya hau laluben aljihu kamar wanda makulli ya ɓace wa.

"Sa mini kore," ta ce wa mai ɗinkin. "Kawu ne zai fara zama, tunda ya saba."