Kariyar 'Yar Tsibiri

Malam Bube bai taɓa ɗaukar fulawa a matsayin shuka ba. Shekara talatin da ɗoriya yana noman albasa a filayen Bakolori, kuma a wurinsa duk abin da ba a ci, ba a ɗurawa a buhu, ciyawa ce da ta samu gata. Shi ya sa ɗan lambun da matarsa Maimunatu ta yi a ƙofar gidansu, can bakin garin Talata Mafara, bai taɓa samun komai daga gare shi ba sai tsokana. In ya fito da safe ya tarar da ita duƙe tana tsince busassun ganye, sai ya ce, "'Yar Tsibiri, yaushe za a yi girbi?" Ita kuwa ta ce ai kullum ana yi, shi ne dai ba ya gani.

Lambun bai wuce taku shida ba tsakanin dakali da hanya, an kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Akwai lalle, akwai ɗoɗɗoya, da wasu ƙananan furanni masu buɗewa da hantsi su rufe da azahar. A tsakiya kuma, bisa wani tudun yashi da tsakuwa, kariya take zaune, guntuwar bishiya mai ƙaton gindi kamar tulu, wadda ke fitar da jan fure a ƙarshen bazara lokacin da komai ya gaji da rana. Reshenta Maimunatu ta yanko a gidan mahaifiyarta a Tsibiri, ta ƙunso shi cikin kayanta ranar da aka kawo ta, shekara arba'in da ɗaya ke nan. Tsohuwar ta rasu, gidan ya zama kango, uwar bishiyar ma babu ita. Wannan ɗin ce kaɗai ta rage.

Bana idon Maimunatu ya matsa mata. 'Yarsu Rukayya, wadda ke aure a Sakkwato, ta kai ta wurin likita, aka ce na hagu ya riga ya tafi, na dama kuma za a yi masa aiki don a riƙe ɗan abin da ya saura, amma ba wanda zai ce ga tsawon lokacin da zai kai. Sati shida za ta yi can. Ranar tafiya, mota na jira, ta tsaya a bakin shinge.

"Malam, ga amana," ta ce. "Lalle da ɗoɗɗoya ka ba su ruwa da marece. Kariya kau kak ka ba ta ko ɗigo. So nikai in dawo in iske ta da hure, ko da shi na na ƙarshe da zan gani."

"Bar wagga magana," in ji shi. "Allah shi kai ku lahiya."

Gidan ya yi masa faɗi. Tsoro ne ya kama shi, tsoron da bai faɗa wa kowa ba, ga shi kuwa ba abin da zai iya yi wa idon da ke Sakkwato. Mutum irin Bube in hannunsa bai samu aiki ba zuciyarsa ce take ci. Kwana uku yana zama a dakali yana kallon kariya a kan busasshen tudunta, rana na dukanta, ba ganye ko ɗaya, har ya ji tana ba shi tausayi. A ransa ya ce, su mata dai akwai kirki, amma ruwa sai wanda ya sani. Rana ta huɗu ya ɗauko fartanya.

Aikin ya yi kyau, wannan kam ba a hana shi. Ya baje tudun, ya ja igiya, ya fitar da fangali huɗu irin na albasa, kowanne da zurfinsa da gaɓarsa don ya riƙe ruwa. Ya haƙa 'yar hanyar ruwa a tsakani, ya zuba takin awaki, ya sauko da kariya cikin fangalin da ya fi kowanne zurfi, saboda ita ce babba. Safe da yamma yana zuba mata bokiti biyu.

Maƙwabcinsa Malam Zakariyya, wanda ke karantar da manya a zaurensa, ya leƙo bayan sun gama doguwar gaisuwa. "Bube, anya? Hajiya ba haka taka yi ba."

"Malam, kai da littahi, ni da ruwa," in ji Bube. "Shekara nawa ina wanga aiki?"

Sati biyu lambun yana ba shi gaskiya. Ɗoɗɗoya ta yi kore shar, lalle ya cika unguwa da ƙamshi, kariya kuma ta fito da ƙullin fure bakwai a kan rassanta. Kullum sai ya ƙirga su. In Rukayya ta miƙa wa uwarta waya, yakan ce, "In kin dawo ba ki gane ƙohwar gidanki." Bai dai faɗa mata dalili ba.

Sai damina ta faɗi. Wata Talata da la'asar, kasuwa na tsakiyar ci, hadari ya taso daga gabas aka kwarara ruwa, bayan kwana biyu aka ƙara. Fangali ya yi abin da aka gina shi ya yi. Ya riƙe ruwan sama, ya riƙe na indararon zaure, ya zama ɗan tafki, kariya na tsaye a ciki har wuya. Bube ma murna ya yi, ya ce Allah ya hutar da shi ɗaukar bokiti.

Bayan kwana biyar ya tarar da ƙulli biyu a ƙasa. Ya tsuguna ya danna gindin bishiyar, babban yatsansa ya nutse. Wani wari ya bugi hancinsa, warin da ya sani sarai, na albasar da ta ruɓe a rumbu. Ya zauna daɓas cikin laka. Abin da ya riƙa dawo masa ba maganar bishiyar ba ce, muryar Maimunatu ce a bakin shinge. Abu ɗaya ta roƙe shi a shekara arba'in da ɗaya, kuma abin ma cewa ta yi ya bari kawai.

Da ya gaji da zama sai ya yi abin da ya iya. Albasa in ta fara ruɓa, fitar da ita ake yi daga damshi a ba ta iska. Ya tone kariya a hankali, ya wasa wuƙa, ya riƙa yanke baƙin yana zubarwa har ya kai ga farin nama. Fiye da rabin gindin ya tafi. Ya shafe ciwon da toka, ya wanke hannunsa sosai don ruwan jikinta dafi ne, sannan shi da Malam Zakariyya suka ɗauke ta suka kwantar a kan gadon kara cikin zaure. Malamin bai ce masa ai na faɗa maka ba. Addu'a kawai ya yi ya koma wurin ɗalibansa.

Kwana tara tana kwance, saiwoyi a sama. Ƙulli ya ci gaba da zubewa, daga biyar ya koma uku, daga uku ya koma biyu. In Maimunatu ta tambaye shi kariya a waya, sai ya ce, "Tana nan." Ƙarya dai bai yi ba, amma tuwo ya daina wuce masa.

Ranar Alhamis da hantsi mota ta tsaya. Maimunatu ta sauko da baƙin tabarau, Rukayya na bayanta da jaka. Bube ya yi wuf ya kama gwiwar hannunta, yana ta sannu da hanya, ga dutse nan, a hankali, ɗaga ƙafa. Ta tsaya a bakin shinge, ta karkata kai tana duban lambun da idon dama. Ta daɗe.

"Malam, wa ya shuka albasa ƙohwar gidana?"

Nan ya faɗa mata komai, a tsaye, bai rage ko bokiti ɗaya ba. Ta zame hannunta daga nasa, ta shiga zaure tana lalube bango, har ta kai ga gadon kara. Ta bi gindin da tafin hannu, ta shafa inda wuƙa ta ci, ta shinshina yatsunta. Sannan ta bi reshe har ƙarshensa, yatsunta suka tsaya. Ɗaya daga cikin ƙullin biyu ya buɗe da safen nan, Bube ma bai lura ba saboda zaman jiran mota.

Ta cire tabarau, ta duƙa har furen ya kusa taɓa girarta.

"Kina ganinai?" ya tambaya.

"Ina ganinai. Ja na, bakinai ja, cikinai hwari." Hawaye ya gangaro ta ƙarƙashin idon da aka yi wa aiki. "Ciwon ya bushe, za ta rayu. Yankan kam ka iya."

Da la'asar ta sa ya kwaso yashi da tsakuwa daga bayan gida, ya cike fangalin da ya haƙa da hannunsa. Ita ta durƙusa ta tara tudun, tana auna tsayinsa da kamu. Duk inda ta miƙa hannu sai ta ji nasa ya riga ta, ta nemi tashi ya tallabo ta, ta nemi fartanya ya ce ta bari zai yi.

"Malam," ta ce, "shekara arba'in da ɗaya ina barin itacen ga ya nemi na kainai, kai wata guda ka so shi har ka kusa kashe shi. Ni ma idona na ya tahi, ba hannuna ba. In ina son taimako ni kira ka."

Ya ja da baya. Ta dasa kariyarta ita kaɗai, ta danne yashin da tafin hannu. Da ta gama sai ta ji ƙarar mariƙin ƙarfe a bayanta.

"Aje bokitin ga."

Ya ajiye. Ta share masa wuri a gefenta kan dakali, ya zauna.

"To, hwaɗa mani," ta ce. "Ƙullin guda da ya rage, ya kusa buɗewa?"

Malam Bube ya tashi ya je ya duba da kyau, kafin ya dawo ya ba ta amsa.