Darakta ta Biyu

Kamfanin bulo na Yaya ya daɗe da rufewa. Allon sunansa ma shi ne yanzu rufin akurkin kaji a bayan gida. Don haka da banki ya ƙi sakin albashin ƙanwarsa Malama, aka ce ta je ofishin haraji, ta ɗauka kuskure ne.

Jami'in ya juyo mata da fuskar kwamfuta. "Ke ce darakta ta biyu?"

"Ni firamare nake koyarwa."

"A can ke nan. A nan darakta ce. Ga sa hannunki."

Ta gane sa hannun. Wata rana can baya, tana wanke-wanke yayanta ya shigo da takarda, ya ce, "Auta, sa hannu nan. Doka ta ce sai mutum biyu, cike gurbi ne kawai." Ta goge hannu ta sa. Haka ake yi, kowa ya sani, kowa ya yi gum: a ɗauki sunan ƙanwa a toshe rami da shi.

Jami'in ya ce ba a kawo bayanin harajin albashin ma'aikata na watannin ƙarshe ba, tara kuma tana ta hauhawa.

"Ai an rufe kamfanin."

"A ofishin rajista aka rufe. Mu ba a yi mana sallama ba. Gawa ce, baiwar Allah, amma ba a binne ta ba."

"To, ga mai kamfanin nan da ransa."

"Asusunsa kamar an share da tsintsiya. Naki ne ke motsi."

Ya ce ta rubuta roƙon sassauci, amma albashi ba zai fito ba sai darakta na farko ya zo da ƙafarsa an rufe fayil. Malama ta tsaya tana kallon fankar sama, wadda ke juyawa ba iska. Ta yi godiya ta fita.

A bakin titi ta kira Yaya.

"Haba Auta, kin faye tsoro! Hukuma ce fa, za su gaji su manta. Ina kan wani sabon abu. In ya kankama zan share miki hawaye."

"Ban yi kuka ba," in ji ta. Ya riga ya kashe waya.

A gida ta tarar da Inna tana watsa wa kaji tsaba, fuska a sake.

"Yayanki ya zo. Sabon kamfani zai buɗe, Allah ya yi masa albarka. Ya ce ke boko ya sa kin fara tambaye-tambaye, ni ce ba ni da matsala."

Babban yatsan Inna shuɗi ne da tawada.

Malama ta ajiye jaka. Ta ɗebo ruwa da sabulu, ta durƙusa, ta kama hannun tsohuwar ta shiga cuɗawa.

"Ke, lafiya? Za ki saɓule mini fata!"

"Lafiya lau, Inna."

Ruwan ya yi shuɗi. Yatsan ma yana nan shuɗi. Ta ci gaba da cuɗawa.