Kwanon Baƙo

Jemimah, wadda nake nema da aure, ta ce babanta ba ya yanke magana sai ya ji ta bakin yayanta Jacob. Ga shi Jacob zai zo Kontagora daga Salka sayen taki, zai kuma ƙare mini kallo. Ni ɗan acaɓa ne, tun aji biyu na gudu daga makaranta, ba ni da abin nunawa. Amma na san abincin garin nan.

Da safe na kira Mama Lahadi, mai shinkafa da wake a bayan tasha. Kafin azahar tukunyarta ta ƙare, har ƙanzon rububinsa ake yi.

"Mama, ki ajiye kwano ɗaya, da kan kifi babba. Na baƙo ne."

"Baƙo? To, Shadrach, Allah ya yi albarka," in ji ta.

Da rana na ɗauko Jacob a kan babur, mutum ne dogo marar fara'a. Muka wuce mai masa, ya ce mu tsaya, na ce tata ta kwana. Muka wuce mai awara, na ce wannan abincin 'yan makaranta ne. A wajen mai dambu ma ya taɓa kafaɗata, na ƙara wuta.

"Yaya, ka riƙe yunwarka. Inda za mu, ko daga Minna zuwa ake yi."

Muka iso, na tarar Mama Lahadi tana wanke tukunya.

"Mama, ina kwanon?"

"Ai na ba shi. Ga shi can."

Na waiwaya. A kan benci ga Baƙo mai faci, wanda ke gyara mana taya a bakin tasha, ya naɗe hannun riga, maiƙo har gwiwar hannunsa. Ya riga ya cire wa kifin ido ɗaya.

"Mama, baƙo na ce! Baƙona!"

"Yo ba Baƙo ka ce ba? Ni wane Baƙo na sani a tashar nan in ba shi ba?"

Baƙo ya ɗago, ya ga muna kallonsa, ya ce, "Bismillah," irin wadda ake faɗa a baki kawai. Jacob ya wanke hannu, ya zauna, ya jawo kwanon tsakiya. Fuskar Baƙo ta canza, ya fara kai loma da sauri, Jacob ma ya ƙara sauri. Ni ina tsaye riƙe da makullin babur, ina neman inda zan ɓuya.

Da suka sauka a kan kifin, Baƙo ya nuna ni da ƙashi.

"Malam, ka ga yaron nan? Kullum faɗa muke yi a kan faci. Yau kawai aka aiko wai ya saya mini abinci, har da kan kifi. Ko ɗan cikina bai taɓa yi ba."

Jacob ya dube ni, ya lashe yatsa.

"Haka kake ciyar da mutane?"

"Wani lokaci, Yaya," na ce.

"To. Ka turo manyanka Salka, zan yi wa Baba magana."

Baƙo ya yi gyatsa, ya ɗaga murya.

"Mama Lahadi! Na gobe a rage yaji!"