Ranar da Aka Kaɗa Taken Bahago

Tun da aka ɗaure damman hatsin bana, mutanen Dogon Dutsi suka rasa abin yi da bakinsu sai gardamar mutum biyu: Zakariya, wanda ake kira Bahagon Kiriya, da wani sabon ɗan dambe daga Tibiri mai suna Nazifi. In an haɗa su a fage, wa zai kai wa ƙasa? Shi ke nan zancen, a tasha, a kasuwa, a fadar samari, har a ƙofar masallaci in an sallame. Abin haushin kuma, masu gardamar nan babu wanda ya taɓa shan ko marin kirki a rayuwarsa.

Baba Issa ya gaji da su, wallahi ya gaji. Makaɗin kalangu ne, a fagen dambe gashin kansa ya yi fari, kuma shi ya yi wa Zakariya kiɗa tun yana saurayi har ranar da ya kwance zare daga hannunsa. Kullum da safe yana zaune a teburin mai shayi na bakin tasha, yana gyaran igiyoyin kalangu, ana yi masa surutu a ka.

Babban mai baki shi ne Abdurrahman, ma'aikacin meri, wato ofishin magajin gari, wanda ya kalli damben masu safar hannu a talabijin har ya ɗauka ya zama malamin abin. A wurinsa Bahago bai taɓa karawa da namiji ba, tsofaffi da mayunwata aka riƙa zaɓo masa, shi ya sa da yaro mai jini a jiki ya fito sai ya sayi babur ya koma kabu-kabu. Abdussalamu mai gyaran salula kuwa cewa yake Nazifi ba kowa ba ne, ƙirar Elhaji Mustafa ne mai gidan dambe, wanda ke kwaso gajiyayyu daga ƙetaren iyaka su zo su faɗi don a samu bidiyon sawa a waya. Daga nan sai a shiga lissafin wa ya cuci wa a harkar, wa ya ci kuɗin ƙofa, wane ne aka yi amfani da shi aka yar. Su yi ta yi har shayi ya huce. Abu ɗaya suka yarda da shi dukansu: dole a haɗa su, ko duniya ta huta.

In sun juyo ga Baba Issa, sai ya ce shi makaɗi ne, ba alƙali ba. Ya ci gaba da jan igiyarsa.

Amma ya san abin da ba su sani ba. Shi ya raka Zakariya Yamai bayan dambensa na ƙarshe, shi ya zauna a gefe likita na haska masa ido. Na dama ya tafi, ba ya ganin komai da shi, ko da yake in ka dube shi garau yake kamar na kowa. Na hagu ma a lallaɓe yake, likitan ya ce naushi ɗaya mai kyau a kai zai iya rufe shi. A motar dawowa Zakariya ya riƙe hannun tsohon ya roƙe shi kada ya gaya wa kowa. Ba girman kai ba ne. Babur ɗin nan shi ke ciyar da matarsa Hasiya da yaransu, kuma wace mace ce za ta ɗora goyonta bayan ɗan kabu-kabu mai ido ɗaya a kan titin da manyan motoci ke bi? Don haka ya gwammace a ce masa matsoraci. Baba Issa ya yi alkawari, ya haɗiye maganar, tana nan tana cin sa.

Wata safiya Elhaji Mustafa ya tsayar da motarsa gaban teburin, ya ja tsohon gefe. Saurayi ne mai fara'a, mai tsabtar riga, irin wanda ke gaishe ka har ƙasa alhali ya riga ya gama da kai a ransa. Ya ce ya bi Bahago da takardar kwantara har ya gaji, ya ƙi sa hannu. Jama'a kuwa sun hana shi barci, duk bidiyon da ya saka, abin da ake rubutawa a ƙasa ɗaya ne. To ga dabara. Duk ranar dambe Bahago yana nan bakin zanan gidan damben yana jiran fasinja, don ranar ce 'yan kabu-kabu ke samu. Abin da ake so kawai Baba Issa ya kaɗa masa takensa.

Wanda bai tashi cikin dambe ba zai ce mene ne a ciki. To, kowane ɗan dambe na gaske yana da takensa, kiɗan da makaɗinsa ya ƙera masa shi kaɗai. In ya ji shi, jikinsa ya ɗauki tsuma, ba shawara kuma, ko loma ce a hannunsa zai ajiye ya miƙe. Mutum ya ji takensa ya zauna, ai gara a ce ya mutu. Na Zakariya kuwa Baba Issa ya san irin aikin da ya yi a kansa, don ya taɓa gwada shi da wasa a wani bikin suna, sai da maza suka danne mutumin.

Ya ce wa Mustafa hannunsa ya tsufa, ya mance kiɗan. Mustafa ya yi dariya, ya ce ai hannu ba ya mantuwa, ya ambaci abin da zai ba shi. Tsohon ya ce ko motar ce zai bar masa, ba ya kaɗawa.

“Allah shi huci zuciyarka, Baba,” in ji Mustafa, ya shiga mota yana murmushi.

Murmushin ne bai kwanta wa Baba Issa ba. Ya bi sauran makaɗan garin gida gida, ya tuna musu abin da suka gada, cewa ba a kaɗa taken da wani ya ƙera sai da izininsa. Duk suka ce haba Baba, sai ka faɗa? Daga nan ya nufi inuwar da 'yan kabu-kabu ke tsayawa, ya sami Zakariya yana goge fitilar babur. Ya ce masa ranar damben nan ya nemi fasinjan Lugu ko na Dogon Kiriya, ya yi nesa da gari. Zakariya ya ce hanyar yashi ta fi ƙarfin idonsa yanzu, kuma in ya bar ranar dambe me za a ɗora a gidansa? Ya yi maganar ba tare da zafi ba, muryar wanda ya riga ya gaji da bayani.

“Zagi dai na saba, Baba. Kai dai kada ka kaɗa. In ka kaɗa, ka san ƙafafuna ba nawa ba ne.”

“Ba ni kaɗawa,” in ji tsohon.

Ranar ta zo. Bayan la'asar gidan dambe ya cika har ana hawa katangar maƙwabta, don an baza cewa yau akwai abin mamaki. Baba Issa ya rataye kalangunsa a ɗaki ya fito hannu sake, ya sami wuri kusa da makaɗa don ya sa musu ido. Aka yi ƙananan wasanni. Nazifi ya fito, ya zagaya fage da naɗaɗɗen hannunsa a sama, dogon yaro mai faɗin kafaɗa, ba wanda ya fito ya taya masa dambe. Makaɗa suka ajiye gula. Tsohon ya sauke ajiyar zuciya, ya ce a ransa yau ma an tsallake.

Sai manyan lasifikokin da aka kafa a kusurwa suka yi tari, kalangu ya fashe daga cikinsu.

Baba Issa bai ɗauki lokaci ba ya gane. Hannunsa ne. Nasa na da, mai ƙarfi, kafin gaɓoɓi su fara ciwo, har da wurin da yake matse kalangu a hammata ya sa shi kuka. Daga wani tsohon bidiyo da wani ya ɗauka da salula aka ciro shi, ga ihun mutanen wancan zamani ma a ƙarƙashi. Ya bi makaɗa gida gida yana roƙo, ashe abin na kwance cikin aljihun kowa. Kai, duniya! Bai taɓa jin kiɗansa ya yi masa muni a kunne ba sai ranar.

Fage ya ɗauki sowa. Tsohon ya miƙe ya nufi ƙofa yana ture mutane, amma kafin ya kai, taron ya dare biyu. Ga Zakariya nan tafe. Ya bar babur a kwance a ƙasa, taya na juyawa, ya tuɓe riga, jikinsa na rawa tun daga wuya har gwiwa. Wasu sun riga sun kama hannunsa na hagu suna naɗa masa zare yana tafiya. Baba Issa ya kira sunansa, ya kama damtsensa, aka fizge shi. Ya hango Abdurrahman a kan benci yana tsalle da salula a sama, Abdussalamu na rungume da shi, masu gardamar jiya yau sun zama 'yan uwa.

Ya yi wajen Mustafa ya ce a kashe abin nan don girman Allah. Mustafa ya nuna kunnensa, wai ba ya ji.

Har an share fage. Nazifi ya tsaya, ya miƙa hannun tsaro gaba, ya ja na naushi baya. Zakariya ya gyara tsayuwa irin ta bahago, gefen damansa a gaba, yana ɗan karkata kai yana neman yaron da idon da ya rage. Ba wanda ya lura da karkatar nan sai mutum ɗaya. Tsohon ya ji tsoro irin wanda bai taɓa ji ba, ya kuma ji haushin kowa, har da kansa da ya ƙera kiɗan. Alkawari na gefe guda, idon mutum na gefe guda, ba kuma lokacin zama a auna.

Ya fizge mikro daga hannun sanƙira.

“Ku tsaya! Idonsa na dama ba ya gani! Ni na kai shi Yamai. In aka taɓa ɗayan, ya makance!”

Sai da ya faɗa sau biyu kafin wani ya zare wayar lasifika. Wurin ya yi tsit, har kana jin kukan awaki a bayan zana. Nazifi ya dubi abokin karawarsa, ya ɗaga hannu a hankali ta gefen damansa ya kaɗa. Zakariya bai ƙifta ba. Yaron ya ja da baya, ya sa haƙori ya fara kwance zarensa, ya ce shi ba ya dukan wanda ba ya ganinsa. Tsumar ta saki Zakariya a tsakiyar fage, ya tsaya ba riga, gari duka na leƙen fuskarsa, wayoyi na ɗauka. Bai dubi Baba Issa ba. Ya ratsa mutane ya fita, ya ɗaga baburinsa ya tura shi da hannu.

Washegari teburin mai shayi ya cika tun da wuri. Kada ka ce kunya ta kama wani. Abdurrahman cewa ya yi shi dama ya daɗe da zargin haka, duk mai ilimin dambe zai gani a tafiyarsa. Abdussalamu ya ce wannan ya nuna da Bahago na da ido biyu, Nazifi ba zai kai turmi na biyu ba, wato zagaye na biyu. Aka ce ƙarya ne, aka ce gaskiya ne, wani ya kawo zancen wani ɗan dambe na ƙetare da ya kamata Mustafa ya ɗauko yanzu, gardama ta koma sabuwa fil. Aka tambayi Baba Issa ra'ayinsa. Ya ajiye kofin da bai sha ba ya tashi.

Daga nesa ya hango inuwar 'yan kabu-kabu. Motar Dosso ta sauke mutane, babura na ta fita ɗaya bayan ɗaya. Wata mata da buhu a ka ta nufi Zakariya, ƙawarta ta ja mayafinta ta raɗa mata wani abu, suka wuce wurin na kusa da shi. Wani malamin lakwal, wato makarantar boko, da ya saba hawa bayansa kullum ya gaishe shi da kyau, ya tambayi jiki, ya ce yau yana son ya ɗan taka da ƙafa. Kafin a jima inuwar ta zama ba kowa sai shi.

Baba Issa ya ƙarasa yana jan ƙafa. Ya yi sallama, ba a amsa ba. Ya tattara rigarsa ya hau bayan babur ɗin ya zauna, ya ce a kai shi kasuwa.

Zakariya bai juyo ba, bai kuma taɓa makulli ba. Manyan motoci na ta wucewa a kan titi.

“Sauka, Baba,” in ji shi a hankali. “Kai ka ce ba ni gani.”

Tsohon ya sauka. Ya tsaya a gefen hagu, inda za a iya ganinsa, amma Zakariya ya mayar da fuskarsa wajen titi yana jiran motar da za ta zo.