Ranar da Aka Hana Sauda Goyo

Ranar Juma'a falon Sauda ba ya rabuwa da mata. Ta daɗe tana suyar waina a ɗan gidan da mijinta Talle direba ya kama musu a bayan unguwar Batha, kuma duk Bahaushiyar da kewar gida ta dama a Riyad ta san ƙofar nan. A nan ake cin waina da miyar taushe, a nan kuma ake gyara duniya da baki, ba tare da ko ɗaya ta motsa daga inda take zaune ba.

Ana cikin haka Sista Rifkatu ta yi sallama. Ma'aikaciyar jinya ce 'yar Zonkwa, Kirista, tana aiki a sashen wankin ƙoda na wani babban asibiti, kuma a wurin Sauda take sayen daddawa. Yau ba daddawa ce ta kawo ta ba.

Ko zama ba ta yi sosai ba ta soma bayani. Akwai wata ƙungiyar agaji da ke kawo yaran Kurdawa daga arewacin Iraƙi a yi musu aikin zuciya. Kowane yaro da uwarsa kaɗai yake zuwa, kuma yawancin iyayen ko Larabci ba sa ji. Ita da wasu abokan aikinta, 'yan Filifin da 'yan Indiya, duk Kiristoci, su suka raba lokacin hutunsu suna zama da yaran don iyayen su samu su runtsa. Yanzu ga wata yarinya mai suna Shilan, shekararta biyu, an yi mata aiki makon jiya. Mura ta kama uwarta, likitoci sun hana ta shiga ɗakin. Gobe daga azahar kuwa dukkansu suna bakin aiki, babu mai zama da ita.

"Mutum ɗaya nake nema, wuni ɗaya," in ji Rifkatu.

"Allah sarki!" in ji Rahina, tana dangwalar miya. "Allah ya ba ta lafiya."

Aka amsa da amin mai ƙarfi, aka ci gaba da ci. Zouera ta ce kafil ɗinta, wato uban gidan da ya ɗauki nauyin zamanta a ƙasar, ba ya son yawo. Hajiya Mariamou ta karkata wajen ta kusa da ita, ta yi raɗar da kowa ya ji: "Ku dai yi hankali. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Me ya haɗa su da 'ya'yan Musulmi?"

Rifkatu ta yi dariya. "Hajiya, amai da fitsari suka haɗa mu. In kina son gani da idonki, zo gobe, zan ba ki safar hannu."

Sauda ta ajiye cokalin suya da ƙarfi har mai ya fallatsa. "Wallahi kun ba ni kunya. Yarinya Musulma, uwarta Musulma, a ƙasar Musulmi, an rasa mai riƙe ta sai waɗanda muke zaune muna zargi. Mu namu 'Allah sarki' ne, da baki cike da waina. Sista, ni zan je. Biyar na goya na yaye, ɗaya ba za ta gagare ni ba."

Washegari Talle ya sauke ta a ƙofar asibitin. Ta shiga da abayarta da jakarta, a cikin jakar har da zanen goyon da ta raini autanta da shi. A barandar sashen yara ta tarar da wata doguwar mace da takunkumi a fuska, ta kafa goshi a jikin gilashin ƙofa. Nazdar ke nan, uwar yarinyar. Sauda ta yi mata sallama, ta amsa ba tare da ta ɗauke ido daga gadon da ke ciki ba.

Shilan na zaune a gadon tana kuka, kukan da murya ta riga ta dushe. 'Yar firit ce, gashinta a nannaɗe, an manna mata farin bandeji tun daga maƙogwaro har kusa da cibiya. Rifkatu, wadda tun safe take wurin, ta sa Sauda ta wanke hannu har gwiwa, sannan ta shiga jero mata dokoki. Sauda tana gyaɗa kai, amma rabin maganar ta bayan kunnenta take bi. Ita za a koya wa raino? Matsalar ma a fili take: an bar yarinya a kan katifa kamar kayan wanki, ba wanda ya goya ta.

Rifkatu na juyawa ta ɗauraye kofi, Sauda ta zaro zanenta, ta duƙa ta ba gadon baya, ta miƙa hannu ta kama damtsen yarinyar za ta wurgo ta baya, kamar yadda ta yi sau dubu a rayuwarta.

"Sauda! Sake ta!"

Kofin ya faɗi. Kafin Sauda ta miƙe, an kaɗe mata hannu. Matar da ke jinya a gadon kusa ta leƙo, wata nas ta shigo da gudu, a waje kuma Nazdar tana dukan gilashi da tafin hannu.

Sauda ta tsaya da zane a hannu, fuskarta kamar an watsa mata barkono. Tun da suke, Rifkatu ba ta taɓa kiran sunanta gatsal ba. Kullum Yaya Sauda ce.

"Ƙashin ƙirjinta raba shi aka yi biyu," in ji Rifkatu, tana haki, tana duba bandejin. "Da waya aka ɗaure shi, bai haɗe ba tukuna. Ki ja ta ta damtse, ki manna ƙirjin nan a bayanki, ki tamke da zane? Na faɗa miki yanzun nan, ba a ɗaga ta ta hannu ko ta hammata."

Sauda ta ninke zanen, ta cusa a jaka, ta rataya. Ta riga ta ji muryar Hajiya Mariamou a kunnenta: kin gani ko, kin kai kanki an wanke ki a gaban baƙi. Ta nufi ƙofa. Daidai nan aka soma kiran sallar azahar, lokacin da Rifkatu ya kamata ta kama aiki.

"Yaya Sauda." Muryar ta sauko, amma babu lallashi a cikinta. "Na daka miki tsawa, kuma in kika sake zan ƙara. Amma in kika fita, ita kaɗai za ta wuni tana wannan kukan, kuma kukan ma wahalar da zuciyar yake."

Sauda ta juyo. "Ko uwar mijina ba ta taɓa kaɗe mini hannu ba."

"Uwar mijinki ba ta ga ɗinkin ƙirjin nan ba. Ni na gani."

Sauda ta dubi yarinyar, ta dubi uwar da ke bayan gilashi. Jiya ita ce ta tsaya a gaban mata tana zazzaga musu faɗa don sun zauna. Yau daga tsawa ɗaya za ta koma ta zauna tare da su, har da hujjarta ta kare kai? Ta sauke jakar.

"To, nuna mini. A hankali, kamar kina koya wa wadda ba ta taɓa haihuwa ba."

Rifkatu ta nuna mata: hannu ɗaya a ƙarƙashin ɗuwawu, ɗaya a bayan wuya da kafaɗu, a ɗauko ta gaba ɗaya kamar ƙwarya cike da nono. Ta sa Sauda ta gwada da matashin kai har sai da ta gamsu. Sannan Sauda ta ɗauko Shilan, ta zauna a kujera, ta jingina bayan yarinyar a ƙirjinta.

Kukan bai tsaya ba. Sauda ta tambayi kanta: Me ke sa goyo ya kwantar da yaro? Ɗumin jiki ne, da jijjiga, da muryar uwa da yake ji ta cikin ƙashi. Duk tana da su a nan gaban ma.

"Zanen fa? In rufa mata?" ta tambayi Rifkatu.

"Ƙafafu kawai. Ban da ƙirji."

Ta rufe 'yan ƙafafun, ta soma karkaɗa jiki hagu da dama, tana magana ƙasa-ƙasa. Ba ta jin ko kalma ɗaya ta Kurdanci, don haka ta shiga koya wa Shilan ƙullun waina da Hausa: yadda ake jiƙa shinkafa, da yadda ake barin ƙullu ya tashi, da irin mutanen da ke cika kanwa su ɓata shi, irin su Rahina. Kukan ya koma shessheƙa, shessheƙar ta koma ajiyar zuciya. Can sai kan yarinyar ya yi nauyi a gwiwar hannunta.

Rifkatu na tsaye tana kallo, jakarta a kafaɗa.

"Me kike jira kuma?" in ji Sauda cikin raɗa. "Tafi ki wanke wa mutane ƙoda."

"Sallarki fa?"

"In ta yi nisa da barci nas ta taya ni kwantar da ita, in yi a nan gefen gado. Jibi wa ke nan da rana?"

"Ba kowa tukuna."

"To, akwai."

Rifkatu ta fita. A bayan gilashi Nazdar ta ja kujera ta zauna, ta jingina kai da bango. Hannun Sauda ya soma sagewa tun daga kafaɗa. Ba ta motsa shi ba.