Alhamis ɗin da Fankar Ta Tsaya

Saveta tana tsaye a kan kujera da guduma a hannu, tana ƙoƙarin mayar da bargon da ya zamo daga jikin taga, sai ta ji muryar maƙwabcinta, tsoho Tudose, daga kan gado.

"Maƙwabciya, sauko haka nan. In kika faɗo kika karye, wa zai yi jinyar wani?"

"Kai dai sha miyarka. Tun ɗazu cokalin nan yake yawo a kwano, bai je baki ba."

Shekara huɗu ke nan rabon da a buɗe tagar. Shi da kansa ya toshe ta da soso da barguna biyu, a watan da kamfanin lantarki ya kafa fankarsa ta goma sha bakwai, irin masu juyawa da iska su samar da wuta, a bayan gidan. Sauran fankokin suna can nesa a kan tudu, ganinsu kawai ake yi. Wannan kuwa, zungureriyar ƙarfe mai fukafukai uku, kusan a kan rufinsa take. Ba ƙara ce mai fasa kunne ba. Wani gurnani ne, wub, wub, wub, da yake ratso bango ya zauna wa mutum a ƙirji. Da la'asar kuma inuwar fukafukan ta riƙa giftawa ta tsakar gida, har kajin Saveta suka koma kiwo a bayan sito.

Tudose tsohon makiyayin tumaki ne, shekararsa tamanin ba ɗaya. Matarsa ta rasu, ɗansa yana aikin gini a Italiya, likita kuma ya ce zuciyar ta gaji, saura kwanaki. Don haka jinya ta faɗo kan Saveta, wadda shinge ɗaya ya raba gidajensu shekara arba'in, rabinsu a faɗa kan kaji.

"Abu biyu nake roƙonki," in ji shi, bayan ta sauko. "Ki sa mini kyandir a hannu, kada in tafi cikin duhu. Sannan ki buɗe taga, rai ya sami hanyar fita."

"Ai kowa haka ake yi masa. Ka ɗauke ni arniya ce?"

"To, amma da kin buɗe, wancan abin zai shigo gaba ɗaya. Ba na so ya zama shi ne abu na ƙarshe da kunnena zai ji."

Saveta ta ɗauke kwanon ta fita, don kada ya ga idonta.

Washegari ta ɗaura ɗankwalinta na zuwa coci, ta nufi ofishin ƙaramar hukuma. Ciyaman Costel Parvu ya taso da fara'a har kunne, irin ta mutumin da ya riga ya san ba zai yi komai ba.

"Tanti Saveta! Zauna mana. A kawo wa Tanti kofi!"

"Ba kofi ya kawo ni ba, Costel. Na san ka tun kana tsallake shingen mutumin nan kana satar masa inabi. Yau ga shi yana mutuwa. Kwana uku kawai nake roƙo, ku kashe masa fankar nan."

"Tanti, Allah ne shaidata, ba a hannuna take ba. Daga lardi lasisin ya fito."

"Takardar filin fa? Sa hannun wa ke kai?"

Ya yi tari, ya jawo wata tsohuwar taswira ya shimfiɗa. "Duba nan. A rubuce, wurin garken tumaki ne. Doka ta yi maganar nisa daga gidan zama, ba ta ambaci garke ba."

"Shekara hamsin yana kwana a ciki! A tsakar gidan nan ka ci naman bikin ɗansa har ka kasa tashi."

"Ni na sani, Tanti. Taswirar ce ba ta sani ba."

Da ya ga ta miƙe tana huci, sai ya fito da albishir. Ƙorafin da ita da Tudose suka shigar tun shekara huɗu ya kai gaba: masu awon ƙara za su zo daga lardi ranar Alhamis. In na'urarsu ta nuna abin ya wuce kima, dole a ɗauki mataki. "Har na sanar da kamfanin," in ji shi, "don su ba da haɗin kai." Baiwar Allah, ba ta kawo komai a ranta ba. Har godiya ta yi masa a bakin ƙofa.

Ranar Alhamis da safe ta fito ba kaji hatsi, sai ta tsaya turus da kwanon a hannu. Iska tana kaɗa shanyar da ke kan igiya, fankokin kan tudu duk suna juyawa, amma ta goma sha bakwai tana tsaye cik. Nan take ta gane haɗin kan da aka bayar, ranta ya yi baƙi ƙirin.

Ta tarar da Tudose ido biyu, yana kallon rufi.

"Kin ji?"

"Me?"

"Ba komai. Shi nake nufi." Ya yi wata 'yar dariya da ta ƙare da tari. "Buɗe mini."

Ta fizge bargunan, ta ɓamɓare soson, ta sa wuƙa ta kankare tagar da ta manne. Iska ta shigo da ƙamshin ciyawar da aka yanka. Ganyen inabi yana motsi, can nesa tumaki suna wucewa.

"Ƙararrawar ragon Ilie makiyayi ce waccan," in ji shi, idonsa a lumshe. "Har yanzu a tsage take, malalacin bai canza ta ba. Kai, maƙwabciya, kin iya faɗa. Ashe Costel yana tsoronki."

Ba ta gyara masa ba. Numfashinsa ya riga ya canza, yana ja a hankali yana tsayawa. Ta ɗauko kyandir daga gaban hoton Maryamu ta ajiye kusa, sai ta ji tsayuwar mota.

A bakin shinge ta same su: Ciyaman, wani mutumin kamfani da farar hular kwano, da wata mata mai tabarau tana kafa na'urar awon ƙara a kan ƙafafu uku.

"Gyaran da aka saba ne ya faɗo yau," in ji mutumin kamfanin, tun ba a tambaye shi ba.

"Gyaran uwaka! Shekara huɗu ba ta taɓa hutawa ba sai yau? Costel, ko kunya ba ka ji?"

Ciyaman ya duƙufa kallon takalminsa. Matar mai tabarau ce ta matso, ta rage murya.

"Tanti, ni ma ina da ido. Kina da haƙƙi. In kika ƙi sa hannu a takardar awon nan, dole su kunna ta yanzu, in auna tana aiki, kuma da wannan iskar na san abin da na'ura za ta nuna. In kika sa hannu kuwa, shirun nan zan auna, a rufe ƙorafin. Ba za a sake turo mu ba."

"Yanzu yanzu za su kunna?"

"Yanzu. Awa biyu tana juyawa."

Mutumin kamfanin ya ciro wayarsa ya riƙe, fuskarsa ba daɗi. Saveta ta kalle shi, ta kalli fankar, ta tuna duk takardun da ta rubuta da hannunta mai ciwo, da ciwon kan da take tashi da shi kullum, da sauran shekarun da za ta yi a gidan nan ita kaɗai. Gaskiyarsu tana gabanta, kalma ɗaya ta rage. Sai ta ji murya ta tagar da ke buɗe, siririya ƙwarai.

"Maƙwabciya..."

"Ba ni biron," in ji ta.

Ta sa hannu, hawaye yana ɗiga a takardar. "In ba a kunna ba, awa nawa za ki yi kina awon?"

"Biyu."

"Ki yi uku. Costel, ka ce su yi uku."

Ciyaman ya gyaɗa kai. A shekara huɗu, iyakar abin da ya yi wa Tudose ke nan.

Ta koma ciki ta kunna kyandir, ta sa masa a hannu, ta rufe hannunsa da nata saboda ba shi da ƙarfin riƙewa. Yana dai saurare, kansa a karkace wajen taga. Wani zakara ya yi cara ba lokacinsa ba, keken doki ya wuce a kan hanya, ƙararrawar coci ta buga sha biyu. Kafin ta gama bugawa ya cika.

Saveta ta rufe masa ido, ta ɗaure masa haɓa da farin ƙyalle, ta lulluɓe madubi kamar yadda aka saba yi in an yi rasuwa. Ta kafa kyandir ɗin a cikin kofi a gefen kansa. Daga nan ta zauna a kujerar da ta saba hawa, hannuwanta a cinya. Ta ji an rufe ƙofofin mota, ta ji motar ta yi nisa.

Ba a daɗe ba abin ya fara, a hankali da farko, sannan ya cika ɗakin. Wub, wub, wub. Bargunan suna yashe a ƙasa kusa da ƙafarta, amma ba a rufe taga a bayan mamaci tun bai yi nisa ba, don haka ta bar ta a buɗe. Tana nan zaune har la'asar, lokacin da inuwar ta iso, ta shigo ta taga, ta riƙa wucewa ta kan fuskarsa.