Hangum Ɗin Malam Zayyad

A Lakwaya in ka yi aure, damina ɗaya ake ɗaga maka ƙafa. A ta biyu mata su fara kallon matarka ta wutsiyar ido, a ta uku kuwa har mai goron bakin masallaci yana da abin cewa a kan gidanka. Malam Zayyad, malamin lissafi a wata sakandare a Gwarzo, ya shiga damina ta huɗu da auren Badi'a 'yar Gude ta ƙasar Kabo, kuma ko ɓari ba a taɓa jin ta yi ba.

Abin da gari bai sani ba, da gangan ne.

Badi'a karatun likita take yi a Kano. Tana tsakiyar karatun aka ce kowa ya tsuke bakin aljihu. Tallafin ɗalibai ya zama labari, kuɗin makaranta ya tashi, albashin Zayyad kuma sai wata ya mutu wani ya kama kafin a ji ɗuriyarsa. Ana cikin haka uwarsa, Inna Marka, ta yafa mayafinta ba shawara da kowa, ta je ta jinginar da gonar fadamar da ta gada wurin ubanta ga Alhaji Datti mai sayar da taki. Tsarin sananne ne: ya ba da kuɗi, ya riƙa noma gonar yana cin amfaninta, ranar da aka mayar masa da kuɗinsa ya saki. Ta dawo ta tura wa surukarta ƙullin kuɗin a ƙarƙashin faifai, ta ce, "A je a ƙarasa. Mu ma mu samu mace mai duba mu."

Badi'a ta sha kuka a ranar. Da ta share hawaye ta ce wa mijinta, "Malam, ba zan haihu a kan gonar Inna ba." Ta ga 'yan ajinsu da suka haihu. Ɗaya ta maimaita shekara, ɗaya ta tafi wankan jego har yau ba ta dawo ba. Suka yi magana irin ta masu ilimi, suka tsayar: ta gama, ta kama aiki, a fanso gona, sannan a yi ta suna har a gaji. Ta fara shan ƙwayar tazarar haihuwa, tana ɓoye ta a gwangwanin madara bayan littattafanta. Shekara biyu kacal, in ji malamin lissafi. Bai sa yajin aikin malaman jami'a a lissafin ba, wanda ya zo ya zauna kamar baƙon da ya ga tuwo.

Kada wani ya tambaye ni me ya sa ba su faɗa wa tsohuwar ba. Da wane bakin? Zayyad ɗan fari ne, ko sunansa Inna Marka ba ta kamawa, sai dai "ɗan nan". Badi'a kuwa suruka ce, a tsugune take gaisuwa, tabarma take kallo har ta tashi. Ga shi lokacin an ƙaddamar da Shari'a ba da jimawa ba, kowane lungu wa'azi, kuma masu wa'azin da yawa ba su da abokin gaba kamar wannan ƙwayar. Mutum biyu da suka iya bayanin hanta da ƙoda da alkaluma, sai ga su sun kasa jimla ɗaya a gaban tsohuwa mai ɓarar gyaɗa.

Ita kuwa Inna Marka ta yi nata nazarin ta gama. Yarinyar nan tana da matsala, tana cinye abin a ranta, shi ya sa kullum take ramewa. Son Badi'a take yi kamar ita ta haife ta, ba ta kuma iya jurewa a taɓa ta. Ranar wani suna a maƙwabta, mata suna tuƙin tuwo suna jifa da magana, wata ta ce ai dama boko in ya yi yawa yana ƙona mahaifa. Inna Marka ta ajiye muciya.

"Ku fita harkar 'yar mutane," ta ce. "Yarinya lafiyarta ƙalau. Daga wajen ɗan nan ne. Hangum ya yi yana saurayi, kumburin ya sauka masa ƙasa."

Zayyad bai taɓa yin hangum ba a rayuwarsa. Ko ƙyanda da kyar ta same shi.

Kafin la'asar labari ya kai har ƙauyen Jama'a. Daga ranar duniya ta sauya wa Malam Zayyad. In ya ba mutum hannu a masallaci sai a riƙe, a daɗe ana jijjigawa ana cewa, "Allah yana tare da masu haƙuri, Malam." Ya'u mai shayi ya fara ƙara masa ƙwai ba tare da ya ce ba. Shugaban makarantarsu ya kira shi ofis, ya rufe ƙofa, ya miƙa masa kwalbar zuma da tafarnuwa, ya ce safe da yamma. Ranar Juma'a liman ya yi addu'a ga masu neman zuri'a, sahun gaba gaba ɗaya suka waiwayo suka ce amin a fuskarsa. Shi kuwa bawan Allah sai murna yake. A zatonsa gari ya fara gane darajar malamin lissafi.

Abokinsa Zailani ne ya fasa masa ƙwan, yana goye da shi a babur. Zayyad ya kusa faɗowa.

Ranar Asabar ya dira a Kano, ya sa aka kira masa Badi'a daga ɗakin kwanan ɗalibai mata. Ta fito da farar riga a kan hijabi, ya zayyana mata komai yana huci. Ta yi ƙoƙari, Allah ya sani ta yi. Ta ciji leɓe, ta kalli sama. Da ya zo kan zuma da tafarnuwa sai ta dafe bishiyar darbejiya tana dariya har da hawaye.

"Dariya ma kike yi?"

"Yi haƙuri, Malam. Amma ka san a likitance ba ta yi kuskure ba? Hangum yana iya yin haka. Wallahi da Inna a ajinmu take da ta ci jarrabawa."

"Ni ake wa kallon ragon da aka dandaƙe, ke kina maganar jarrabawa!"

"To ai ka huta da tambaya, ni ma na huta. Saura kaɗan, ka daure."

Ya daure. Ya koma Lakwaya yana cin ƙwan Ya'u yana haɗiye fushi, har ya ɗan yi ƙiba.

Da a nan abin ya tsaya da sai mu ce wasa ne. Amma wa'azin da ya hana su magana shi ya shiga kunnen Alhaji Datti ta wata ƙofar. Wani malami ya ce cin amfanin gonar jingina riba ne tsantsa, kuma Alhaji yana shirin komawa Makka. Ya zo har gida ya ce wa Inna Marka shi fa ba zai ƙara kwana da haram ba. Ko a ba shi kuɗinsa da kaka, ko ya cika mata ta sayar masa gaba ɗaya. Tsohuwa ta ga Allah ya kawo mafita. Ta ji labarin wani likitan haihuwa a Kaduna da ake cewa hannunsa yana da kyau, amma sai da kuɗi. Cikon kuɗin gonar zai kai Badi'a can a asirce, gari kuma ya ci gaba da zaton ɗan nan aka kai. Aka sa ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, a gaban dagaci da shaidu.

Zayyad bai ji ba sai ranar Laraba, da dagaci ya tambaye shi ko shi ma zai sa hannu. Ya sake dira a Kano. Wannan karon babu wanda ya yi dariya.

"Kai za ka faɗa mata. Uwarka ce."

"Ni da ko sunana ba ta faɗa? Ke ce likita."

"Ni suruka ce kafin in zama likita."

Suka yi ta tura wa juna kamar yara da wankin kwano. Daga ƙarshe Badi'a ta daina musu. Ta tuna duk abin da ta jure a shekarun nan, da ganin jarirai kullum a ɗakin haihuwa tana miƙa wa iyayensu tana juya baya, don gonar nan ne. Ga shi shirun nata zai sayar da ita. Ta ce, "Je ka nemo mana mota."

Da hantsin Juma'a suka iso. Zayyad ya ce takalminsa ya tsinke, ya maƙale a zaure. Badi'a ta shiga ita kaɗai. Inna Marka tana ƙarƙashin rumfa da kwaryar gyaɗa a gabanta. Aka gaisa, aka tambayi gajiya, da karatu, da mutanen Gude, da zafi, aka sake komawa kan gajiya. Da gaisuwa ta ƙare babu sauran wurin ɓuya, Badi'a ta ƙura wa tabarma ido.

"Inna, kada a sayar da gonar."

"Wa ya faɗa miki? Ɗan nan ko? Ba ruwanki, 'yar nan. Gona ƙasa ce."

"Inna, lafiyata ƙalau. Shi ma lafiyarsa ƙalau." Ta ƙara sunkuyar da kai. "Ni ce nake shan magani. Na tazara. Mun ce sai na gama, mun fanso miki gonarki tukuna."

Hannun tsohuwar ya tsaya a cikin kwarya. Kaza ta zo ta saci gyaɗa ta tafi ba wanda ya kore ta.

"Da gangan?"

"Da gangan, Inna."

"Duk shekarun nan?"

Badi'a ta gyaɗa kai, hawaye yana ɗiga a tabarma.

"Kai ɗan nan!" Inna Marka ta ɗaga murya. "Na ji tarinka tun ɗazu. Shigo!"

Ya shigo riƙe da takalmin da babu abin da ya same shi, ya tsuguna nesa.

"Na yi wa ɗana ƙarya a gaban matan gari. Na tashi tsakar sanyi ina roƙon Allah ya buɗe wa yarinyar nan. Ashe ni kaɗai nake hauka, masu ilimi suna kallona." Ta juya ga Zayyad. "Tashi ka je wurin Alhaji Datti, ka ce na fasa. In riba yake tsoro, ya lissafa shinkafar da ya kwasa a gonar ya cire daga bashinsa, mu ga abin da ya rage. Ai kai malamin lissafi ne, ka yi wanda zai amfane ni ko sau ɗaya."

Zayyad ya fita da sauri, kamar wanda aka sako daga kurkuku.

Suka rage su biyu. Badi'a tana jiran a ce ta zubar da maganin, ta ma shirya amsar da za ta bayar. Ba a ce ba.

"Ki gama karatunki," in ji Inna Marka, murya ƙasa ƙasa. "Ba zan ce ki bari ba. Na ga abin da haihuwa kan haihuwa take yi wa mace, a jikina na gani. Maganar nan kuma ta mutu a nan, ɗan nan ya ci gaba da shan zumarsa. Amma kun ba ni haushi, 'yar nan, kun ba ni haushi ƙwarai. Ni gona na jinginar, ban ce a haɗa da jikana ba. Kun zauna kun sa jarrabawa a lissafi, kun sa albashi, kun sa Alhaji Datti. Ni ba ku tambaye ni ko ina da lokacin jira ba."

Ta ture kwaryar gefe, ta miƙe ƙafafunta da kyar tana cije baki. Zanin ya ja sama kaɗan. Badi'a ta ga sawun sun kumbura sun yi sheƙi, idon sawun ya ɓace a cikin nama.

Ba ta taɓa taɓa jikin surukarta ba tun da aka kawo ta gidan. Ta matsa, ta ɗauki ƙafar ta ɗora a cinyarta, ta danna ƙaurin da babban yatsa kamar yadda aka koya mata, ta ɗaga. Ramin ya zauna, bai ciko ba. Sai a lokacin ta lura da yadda tsohuwar take jan numfashi bayan 'yar maganar nan, kamar wadda ta hau tudu.

"Inna, tun yaushe?"

"Tun damina. Tsufa ne."

"In kin kwanta numfashin yana tsaya miki?"

"A zaune nake barci yanzu. Ya fi daɗi." Inna Marka ta leƙa fuskarta. "To Likita, me kika gani?"

Badi'a ta san abin da ta gani: zuciyar tsohuwar ce ta fara gazawa. Ta amsa irin tambayar a jarrabawa, ta kuma ci. Ta riƙe ƙafar da hannu biyu.

"Gobe za mu tafi Kano tare, Inna."

"Ke dai faɗa mini gaskiya, tunda yau kin fara. Zan ga jikan ko ba zan gani ba?"

Badi'a ta ɗago kai, karo na farko ta kalli uwar mijinta ido cikin ido. Ta buɗe baki, lissafin ya ƙi fita.